Lissafin da ke Raba Gardama a Gasar Wasanni ta Duniya

Duk wata gasar wasanni ta ƙasa da ƙasa, ta Olamfik ce ko ta cin kofin duniya, a kan awo da ƙidaya take tsaye. Ana auna nisa da mita, lokaci da sakan, a ƙirga maki da ƙwallaye, sannan a bi wasu ƙa'idoji kafin a ce wane ne ya zo na ɗaya. Akasarin wannan lissafi bai wuce na ɗan firamare ba: tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, sai kuma kewayen da'ira da ake koyarwa a ƙaramar sakandare. A Zariya akwai wurare biyu da ake iya gwada shi. Ɗaya shi ne filin wasanni na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, jami'ar da ta karɓi baƙuncin gasar jami'o'in Najeriya, NUGA, fiye da sau ɗaya. Ɗayan kuma gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Sabon Gari, inda ake raba dare ana musu a kan teburin rukuni.

Abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne tsakanin yadi da mita. A kasuwar Sabon Gari har gobe da yadi ake yankan atamfa, turmi ɗaya yadi shida. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne, wato ya gaza mita da kusan santimita tara. Gudun mita 100 ke nan yadi 109 ne da ɗoriya, ko turmi 18 da ɗan ƙyalle in an shimfiɗa su a jere. Wannan bambanci yana da tasiri a tarihin wasanni, domin har zuwa 1966 da yadi ake tsere a gasar ƙasashe renon Ingila, sai a 1970 a Edinburgh aka koma mita. Tsofaffin bajintoci sai an juya su kafin a kwatanta da na yau. Emmanuel Ifeajuna, wanda ya ciwo wa Najeriya zinare a tsallen sama a Vancouver a 1954, ya haura ƙafa 6 da inci 8. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, jimla inci 80. A ninka da 2.54, a samu santimita 203, wato mita 2.03. Haka nan wanda aka ba shi labarin wani tsohon ɗan tsere da ya yi gudun ɗari cikin sakan tara da 'yan kai, ya dace ya tambaya ɗarin me, don yadi 100 mita 91.44 ne kacal.

Dalilin da ba a jera 'yan tsere a layi ɗaya

Titin gudu na ƙa'ida, wanda ke zagaye filin ƙwallo, mita 400 ne. Ya ƙunshi miƙaƙƙun sassa biyu, kowanne mita 84.39, da kwana biyu waɗanda in aka haɗa su za su ba da da'ira guda. Daga tsakiyar kwana zuwa bakin titi mita 36.50 ne, amma da yake babu mai gudu a kan bakin, sai doka ta ce a auna daga santimita 30 cikin layin farko, ya zama 36.80. Kewayen da'ira shi ne wannan nisa sau biyu, a ninka da 3.1416, abin da ya ba da mita 231.22. A tara da 168.78 na miƙaƙƙun sassan, sai 400 ta fito cif. Ɗalibin da ya yi amfani da 22 bisa 7 da aka saba da ita a aji zai sami rarar santimita tara, kuma a irin wannan gasa santimita tara ba abin rainawa ba ne.

Faɗin kowane layi mita 1.22 ne. Duk layin da aka matsa waje, da'irar tana ƙara girma da 1.22 sau biyu sau 3.1416, wato kimanin mita 7.67 a kowane zagaye. Layi na biyu ne kaɗai ya bambanta, nasa 7.04 ne, saboda daga shi zuwa waje ana aunawa ne daga santimita 20 maimakon 30. Kafin a kai layi na takwas, ƙarin ya kai mita 53. Shi ya sa a gudun mita 400 ake ganin na layin waje ya tsaya can gaba, na ciki yana baya kamar an zalunce shi, alhali nisan da kowa zai ci ɗaya ne. Masu tsere ba su cika son layi na takwas ba, don mutum ba ya ganin abokan karawarsa sai sun iso shi, amma daga wannan layi ne Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya kafa tarihin duniya na sakan 43.03 a Rio a 2016.

Wannan lissafi yana da amfani ga mai motsa jiki da safe. Wanda ya zaga sau goma a layin waje ya yi kilomita huɗu da rabi ne, ba huɗu ba. Kuma shi ne dalilin da masu gudun dogon zango ke cunkushewa a layin ciki suna gugar kafaɗa. Gudun mita 10,000 zagaye 25 ne. Wanda ya yi shi duka a layi na biyu ya ƙara wa kansa mita 176, abin da zai ci wa gwani kusan rabin minti.

Gudun tsallake shinge na mata ma yana da nasa tsarin. Shinge goma ne, amma giɓin da ke tsakaninsu tara ne, kuma a nan mai gaggawar lissafi ke tuntuɓe. Mita 13 zuwa shingen farko, mita 8.5 sau tara wato 76.5, sai mita 10.5 daga na ƙarshe zuwa layin gamawa: jimla 100.

Sakan da gutsattsarinsa

Sauri shi ne nisa a raba da lokaci. Usain Bolt na Jamaika ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a Berlin a 2009, wato mita 10.44 a kowane sakan. In ana son a mayar da shi ma'aunin da direba ya sani, sai a ninka da 3.6, a samu kilomita 37.6 a awa. Olusoji Fasuba na Najeriya ya yi 9.85 a Doha a 2006, kuma ya riƙe tarihin Afirka da shi shekara goma sha biyar. A takarda tsakaninsu 0.27 ne kawai, amma in aka ninka da saurin gudun, za a ga tazarar ta kusa mita uku.

Wani abin da kan ɗaure wa mutane kai shi ne gudun miƙa sanda. Jamaika ta yi mita 100 sau huɗu cikin 36.84 a Landan a 2012. A raba da huɗu, kowane mutum ya tashi da 9.21, ƙasa da abin da Bolt da kansa ya taɓa yi. Ba wani siddabaru a ciki. Mutum na farko ne kaɗai ya tashi daga tsugune. Sauran ukun sun karɓi sanda suna cikin gudu, ba su biya kuɗin tashi ba. Wannan dalili ne ya sa tarihin Bolt na mita 200, wato 19.19, in an raba biyu yake ba da 9.6, kusan daidai da na ɗarinsa duk da gajiya da kwana.

Yadda ake cike gutsuren lamba a wasanni ya saba wa yadda ake koyarwa a makaranta. A aji, 9.784 takan koma 9.78 ne. A filin tsere kuwa kullum sama ake cikewa, don kada a rubuta wa mutum lokacin da bai yi ba, sai ta zama 9.79. Haka ta faru a wasan ƙarshe na mita 100 a Paris a 2024: Noah Lyles na Amurka ya yi 9.784, Kishane Thompson na Jamaika 9.789, allo ya nuna 9.79 ga kowannensu. Kashi biyar cikin dubu na sakan ne ya raba zinare da azurfa, wanda a ƙasa bai wuce santimita biyar zuwa shida ba. Kuma gangar jiki ake dubawa a hoton, ba ƙafa ko hannu ko kai ba. A tsalle da jifa akasin haka ake yi: ƙasa ake cikewa, a zubar da duk abin da bai cika santimita ba. Manufar dai ɗaya ce a duka biyun, kada ɗan wasa ya ci riba daga gutsure.

Gudun sauti ma yana cikin lissafin. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan. Malamin da ke riƙe da agogo a ƙarshen mita 100 ranar wasannin makaranta, in ya jira sai ya ji ƙarar bindiga kafin ya danna, ya riga ya yafe wa yaran kusan kashi uku cikin goma na sakan. Shi ya sa ake ce masa ya dubi hayaƙi. Ko ya yi hakan, hannun mutum yana da jinkiri, don haka masu tattara alƙaluma kan ƙara 0.24 a kan lokacin da aka ɗauka da hannu a gajeren gudu. Yaron da aka rubuta wa 10.8 a filin makaranta, 11.04 ya yi a ma'aunin na'ura. Iyaye da malamai da yawa ba su san da wannan ragi ba sai yaron ya je babbar gasa. A manyan gasanni ana sa lasifika a bayan kowane ɗan tsere, domin kowa ya ji ƙarar a lokaci guda. Sannan wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya cika bayan harbi, ana ɗauka ya yi satar tashi. Devon Allen na Amurka ya motsa a 0.099 a gasar duniya ta 2022, aka fitar da shi daga wasan ƙarshe. Masana da dama na ganin dokar ta yi tsauri, kuma suna da hujja, don ba kowa ne jijiyoyinsa ke aiki da sauri ɗaya ba.

A wannan gasa ta 2022, a Eugene ta jihar Oregon, Tobi Amusan ta Najeriya ta yi gudun tsallake shinge sau biyu a yini ɗaya, ranar 24 ga Yuli. A zagayen kusa da na ƙarshe ta yi 12.12, ta karya tarihin 12.20 da Kendra Harrison ta kafa a 2016. A wasan ƙarshe ta yi 12.06, ta ɗauki zinare. Amma 12.12 aka rubuta a matsayin tarihin duniya, abin da ya sa wasu suka yi zargin an yi mata ƙwange. Iska ce sanadi. Doka ba ta amincewa da tarihi in iskar da ke tura ɗan tsere daga baya ta wuce mita 2.0 a sakan, wato kilomita 7.2 a awa, wadda iskar hunturu ta Zariya kan zarce ba tare da wahala ba. A gudun farko iskar 0.9 ce, a na biyu 2.5. Lambar zinaren ba ta da matsala, tunda iska ɗaya ta tura kowa. Tarihin ne ba ya shiga littafi. Da yake agogon Oregon a watan Yuli yana bayan na Najeriya da awa takwas, yammacin Lahadinsu ya faɗo ne a tsakar daren Litinin a Samaru, yawancin mutane sai da gari ya waye suka ji labari.

Tsayin wuri daga teku shi ma ana lura da shi, saboda iska ba ta da kauri a kan tudu. Sakamakon da aka samu a wurin da ya haura mita 1,000 ana yi masa alama. Birnin Meziko ya wuce mita 2,200, kuma a can ne Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90 a 1968, ya ƙara santimita 55 a kan tarihin da ya tarar. Zariya ba ta kai mita 1,000 ba, don haka wannan alama ba ta shafe ta ba.

A dogon tsalle, mafi nisa cikin tsalle shida ake ɗauka, ba matsakaici ba. Chioma Ajunwa ta Najeriya ta yi mita 7.12 a tsallenta na farko a Atlanta a 1996, babu wadda ta kamo ta, ta ci zinare da ratar santimita goma a kan Fiona May ta Italiya. In an yi kunnen doki kuwa, sai a koma tsalle na biyu mafi kyau. A Tokyo a 2021, Ese Brume ta Najeriya da Brittney Reese ta Amurka duk sun yi 6.97, Malaika Mihambo ta Jamus ta wuce su da 7.00 a tsallenta na ƙarshe. Na biyun Reese 6.95 ne, na Brume 6.90, sai Reese ta ɗauki azurfa, Brume tagulla. Santimita uku ne tsakanin ta ɗaya da ta uku.

Gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, ya ɗara rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna. Wannan lamba mai wutsiya gadon gasar Landan ta 1908 ce, inda aka yi mil 26 da yadi 385. Kelvin Kiptum na Kenya ya gama shi cikin awa 2 da sakan 35 a Chicago a 2023. In an mayar da shi sakan, 7,235 ne. A raba da 42.195, kowane kilomita ya ci minti 2 da sakan 51. A titin gudu, zagaye 105 da rabi ke nan, kowanne cikin ƙasa da sakan 69, ba hutu. Mai son ya gane nauyin abin ya gwada zagaye ɗaya tak da wannan sauri. Da keke mai na'urar ƙirga juyin taya ake auna hanyar, kuma masu awon kan ƙara mita ɗaya a kowane kilomita da gangan, kimanin mita 42 gaba ɗaya, don kada a wayi gari hanyar ta gaza.

Kwando, ƙwallo da teburi

Samaru tana da tsohon suna a ƙwallon kwando. A Zariya Masai Ujiri ya tashi ya koyi wasan, kafin ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Lissafin da ya sauya wannan wasa a duniya ɗan ƙarami ne. Mai jifa daga kusa, in yana cin rabin jifansa, a jifa 100 zai tara 50 sau 2, maki 100. Mai jifa daga bayan layin maki uku, ko da 35 kawai ya ci cikin 100, ya tara 105. Wanda ya fi zubarwa ke nan ya fi kawo maki. Lokacin da D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas a Yulin 2021, ta jefa masu maki uku guda 20, wato maki 60, kashi biyu cikin uku na duk abin da ta ci.

A gidajen kallo kuwa, lissafin rukuni ne ya fi tayar da jijiyar wuya. Nasara maki uku, canjaras ɗaya, kuma a 1994 ne gasar cin kofin duniya ta fara ba da uku maimakon biyu. A wannan shekara Najeriya ta fara zuwa gasar, kuma rukuninta ya zama darasi. Ta ci Bulgeriya 3 da nema, Ajantina ta ci ta 2 da 1, ta ci Girka 2 da nema. Najeriya da Bulgeriya da Ajantina duk suka tashi da maki shida-shida. Sai aka koma bambancin ƙwallaye: Najeriya ta ci 6 an ci ta 2, rarar 4, sauran biyun kowacce ta ci 6 an ci ta 3, rarar 3. Ƙwallo ta biyu a ragar Girka, wadda Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, ya ci ana dab da tashi, ita ta yi aikin. Ba don ita ba, da rarar Najeriya 3 ce kamar tasu, da ƙwallaye 5 a gaban 6 nasu, ta faɗo ta uku maimakon ta ɗaya. Wanda ke cewa ƙwallon ƙarshen wasa ba ta da amfani tunda an riga an yi nasara, bai duba teburi ba.

Wani lokaci duk waɗannan matakai kan ƙare ba a rabu ba. A Rasha a 2018, Senegal da Japan sun yi daidai a maki huɗu, da ƙwallaye huɗu da kowacce ta ci, da huɗu da aka ci ta, kuma wasansu da juna ya tashi 2 da 2. Sai aka ƙirga katin gargaɗi: Senegal shida, Japan huɗu. Japan ta wuce, Senegal ta koma gida.

Teburin lambobin Olamfik shi ma ya danganta da yadda aka zaɓi yin ƙidaya. Tsarin da aka fi bi shi ne a fara da zinare, in an yi daidai a duba azurfa, sannan tagulla. A haka ƙasa mai zinare ɗaya tak tana gaban mai azurfa goma ba zinare. A Paris a 2024 Amurka da Sin kowacce ta sami zinare 40, azurfa ce ta raba su, 44 da 27. Kafofin labaran Amurka sun fi son jera ƙasashe da jimlar lambobi, wanda ya sa a Beijing a 2008 aka ga teburi iri biyu: Sin a sama a na zinare, Amurka a sama a na jimla. Wasu kuma kan raba lambobin da yawan jama'a, inda tsibirin Saint Lucia, mai mutane ƙasa da dubu 200, ke yi wa manyan ƙasashe fintinkau saboda zinare da azurfar da Julien Alfred ta ci a Paris. Jamhuriyar Nijar tana da tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a 2016. Shekarar da Najeriya ta fi taɓukawa ita ce 1996, da zinare biyu, azurfa ɗaya da tagulla uku.

Teburin kan sauya bayan an rufe gasa. A Sydney a 2000, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong na Najeriya sun zo na biyu a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, cikin minti 2 da sakan 58.68, matsakaicin 44.67 ga kowane mutum. Daga baya Antonio Pettigrew na tawagar Amurka da ta zo ta ɗaya ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka soke nasararsu. A 2012 kwamitin Olamfik na duniya ya mayar wa Najeriya zinaren, watanni bayan rasuwar Sunday Bada a Disambar 2011, aka kuma ɗaga Jamaika zuwa azurfa da Bahamas zuwa tagulla.